Tambayoyinku Kan Na'ura: Ashe Falasmar Da Ke Falonmu Ba Falasma Ba Ce?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kan allo suke, na talabijin da na kwamfuta da na waya, sai guda ɗaya kan firinta. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, masu su su yi haƙuri.

Malam, ina aji biyu a babbar sakandare. Malaminmu na kwamfuta ya ce na'urori kashi biyu ne, masu shigar da bayani da masu fitar da shi. Na tambaye shi ina za a sa fuskar waya da ake shafawa, sai ya ce in je in bincika. (Wata ɗaliba daga Gusau)

'Yata, duk na'urar da aka ɗora miki a gaba, ki tambayi kanki abu ɗaya: daga ina bayanin ya taso, ina kuma ya nufa? Idan daga mutum ne zuwa kwamfuta, mai shigarwa ce, kamar kibod da linzami da makirfo da sikana. Idan daga kwamfuta ne zuwa mutum, mai fitarwa ce. Ita kwamfuta a cikinta ba ta san hoto ko murya ba, lambobin 0 da 1 kawai take juyawa, to dole a samu abin da zai mayar da su abin da ido zai gani, ko kunne ya ji, ko hannu ya taɓa. Allo da majigi suna mayar da su haske, lasifika ta mayar da su sauti, firinta ta zuba su kan takarda. Akwai ma na'urar da makafi ke karatu da ita, wadda ƙananan ƙusoshi ke tasowa suna komawa a ƙarƙashin yatsa da rubutun Braille. Girgizar da wayarki ke yi idan saƙo ya shigo, ita ma fitar da bayani ne.

Fuskar waya kuwa abu biyu ne aka manne wuri guda. Na ƙasa shi ke nuna hoto. Na sama gilashi ne mai ɗauke da siraran layukan lantarki da ido ba ya gani, masu jin canjin caji idan yatsa ya sauka a kansu, shi ya sa tsinke ko murfin biro ba ya motsa komai. Kin taɓa ganin wayar da ta faɗi, hoto na fitowa sarai amma ta ƙi jin taɓi? Na saman ne ya mutu, na ƙasan yana raye. Ki gaya wa malaminki tana cikin kashi biyun duka.

Malam, zan aurar da 'yata bayan salla, kuma a jerin kayan ɗaki uwarta ta rubuta falasma. Da na je kasuwa sai wani ya ce LED, wani ya ce LCD, wani ya nuna mini QLED da OLED, kuɗinsu kuma ba ko kusa. Wanne ne falasmar, wanne kuma ya dace in saya? (Wani magidanci daga Funtuwa)

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. A cikin duk abin da aka nuna maka babu falasma ko ɗaya, kuma ba za ka samu sabuwa ba. Falasma ta ainihi wata fasaha ce da aka ƙirƙiro a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1964, inda ake cika ƙananan ramuka da iskar gas tsakanin gilasai biyu, wuta ta ratsa su su yi haske. Hotonta na da kyau ƙwarai, sai dai tana da nauyi, tana zafi, tana shan wuta. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta kafin ƙarshen 2014. Sunan ne ya zauna a bakin mutane saboda ita ce shafaffiyar talabijin ta farko da suka fara gani a bango. Abin da Hajiya take nufi shi ne talabijin marar doro, kuma kowanne daga cikin huɗun nan ya cika wannan sharaɗin.

Don kada 'yan kasuwa su ruɗa ka da haruffa, riƙe tambaya ɗaya: daga ina hasken yake fitowa? Da ita za ka raba su gida biyu.

Gida na farko su ne waɗanda ba sa yin haske da kansu. Ka ɗauka an kunna fitila a cikin ɗaki an saki asabari a ƙofa: gwargwadon yadda aka buɗe tsakanin karare, gwargwadon hasken da na waje zai gani. Haka LCD take. Akwai fitila a baya da ke ci koyaushe, a gabanta kuma akwai wani sinadari mai kama da ruwa wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa su juya idan lantarki ya taɓa su, su bar haske ya wuce ko su tare shi. Wani masanin tsirrai ɗan Austriya, Friedrich Reinitzer, shi ya fara lura da irin wannan sinadari a 1888, amma sai a shekarun 1960 aka fara yin allo da shi a kamfanin RCA na Amurka. An raba allon zuwa ɗige-ɗige, kowane ɗigo kuma yana da ƙananan tagogi uku: ja, kore da shuɗi. Duk launin da ka gani a talabijin, daga waɗannan ukun aka haɗa shi. In ka kanga gilashin ƙara girma a farin wuri za ka gan su jere.

To LED fa? Ita ma LCD ce. Da can fitilar bayan siririn ƙwan fuloresan ne mai ɗauke da sinadarin makuri, daga baya aka maye gurbinsa da ƙananan fitilun LED, irin na cikin tocilan ɗinmu na yanzu. Sun fi ƙarancin shan wuta, sun kuma sa talabijin ta ƙara sirancewa. Sai masu talla suka cire LCD daga jikin kwali suka rubuta LED, mai saye ya ɗauka sabuwar halitta ce. QLED, sunan da Samsung ya fara tallatawa a 2017, ita ma 'yar gidan nan ce, an dai ƙara wani shimfiɗi tsakanin fitila da allo da ke sa launuka su fi kauri. Saboda haka uku daga cikin huɗun da aka nuna maka uwarsu ɗaya.

Raunin wannan gida shi ne baƙi. Tunda fitilar ba ta mutuwa, ko an rufe tagogin sai haske ya ɗan zurara, shi ya sa da dare in fim ya nuna duhu za ka ga toka-toka maimakon baƙi wuluk.

Gida na biyu shi ne OLED, inda babu fitila a baya sam. Kowane ɗigo da kansa yake haske, in ana son baƙi sai kawai a kashe shi. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka haɗa na farko mai aiki a kamfanin Kodak a 1987, kuma talabijin ta farko da aka sayar da wannan fasaha ita ce ta Sony a 2007, 'yar ƙarama mai inci 11. Hotonta babu na biyunsa, amma tsadarta ta fi ƙarfin kayan ɗaki, ga kuma wani aibi: ɗigon da ya fi aiki shi ke riga tsufa. Gidan da tasha ɗaya ake kallo safe da yamma, da tambarinta a lungu guda, bayan shekaru ana iya ganin inuwar tambarin ta zauna daram ko an sauya tasha.

Ni in ni ne kai, LED zan saya, inci 32 ko 43 gwargwadon faɗin falon (ana auna incin ne daga kusurwar ƙasa zuwa ta sama da ke fuskantarta, ba a kwance ba). Kada ka biya ƙarin kuɗi don an rubuta 4K. Ma'anarsa ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8, alhali mai 1920 da 1080 yana da kusan miliyan 2. Bambancin gaskiya ne, amma a allon inci 43 da ake kallo daga kujerar da ke can bangon falo ido ba ya rabewa sosai, kuma yawancin tashoshin da dish ɗinmu ke kamowa ba su wuce 1080 ba, wasu ko kusa ba su kai ba. Kuɗin da ka rage, ka saya mata abin kare kaya daga ƙarfin wuta, domin abin da ya fi kashe talabijin a gidajenmu shi ne yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi.

Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna ta a gabanka. Ya nuna farin hoto zalla, sannan baƙi zalla, ka duba ko akwai ɗigon da ya maƙale da launi ɗaya. Sannan ka matsa gefe ka kalle ta a karkace. Akwai alluna masu arha da launinsu ke wankewa da zarar ka bar tsakiya, kuma falon amarya ba ya rabuwa da baƙi masu zama ta kowane gefe.

Malam, laftof ɗina tana kunnuwa, ina jin fankarta da ƙaran buɗewa, amma fuskar baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce sai an canza injin gaba ɗaya. Duk darussan ɗalibaina suna ciki. (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Malam, kada ka yarda a taɓa injin tukuna. Gwaji biyu za ka yi a gida, ba ko sisi.

Na farko, kunna ta a ɗaki mai duhu, ka haska tocila dab da allon a ɗan karkace. In ka hango hoto dishi-dishi, to kwamfutar lafiyarta ƙalau, allon ma yana aiki, fitilar bayansa ce kawai ta mutu ko wutar da ke zuwa mata ta yanke. Na biyu, ka nemi wayar HDMI ka haɗa laftof ɗin da talabijin. In Windows kake amfani da shi, danna maɓallin Windows tare da harafin P don ta tura hoton waje. Hoto ya fito a talabijin? To matsalar ba ta wuce allo ko siririyar wayar da ta bi ta cikin mahaɗin murfi ba. Wannan wayar tana yawan tsinkewa saboda buɗewa da rufewa, kuma alamarta ita ce hoton ya riƙa zuwa yana ɗaukewa idan ka motsa murfin. Sai in duka gwaje-gwajen biyu ba su nuna komai ba ne za a fara zargin injin, kuma ko a nan darussanka suna cikin ma'ajiyar bayanai, wadda a yawancin laftof ana iya cire ta a kwashe abin da ke ciki.

Idan tsohuwa ce mai shuɗin soket mai ramuka 15, wannan VGA ne, wanda IBM ya fito da shi tun 1987. Yana kai hoto amma ba ya kai murya, kada ka ce majigin makarantarku ya lalace don ka ji shiru.

Malam, fuskar wayata ta fashe na kai aka canza. Tun daga ranar launin ya dusashe, caji ba ya jimawa, kuma ta daina karɓar zanen yatsana da nake ɗorawa a kan gilashi. Da na koma, mai gyaran ya ce haka sababbin sikirin suke. (Wata mai sayar da atamfa daga Kano)

Hajiya, alamun nan uku da kika lissafa duk hanya ɗaya suka nuna: wayarki ta zo da allon OLED, wanda wasu kamfanoni ke kira AMOLED, aka sa miki LCD a madadinsa. Manyan wayoyin Samsung sun daɗe da irin wannan allon, iPhone ma ta fara sa shi daga iPhone X a 2017, yanzu kuma ya sauko har kan wayoyi masu matsakaicin kuɗi. Ana ƙera LCD masu arha daidai girman waɗannan wayoyi, suna shiga su zauna, amma halinsu daban.

Abin karanta zanen yatsa yana ƙarƙashin allon ne. A yawancin wayoyi wata 'yar kyamara ce da ke leƙo yatsan ta cikin OLED, saboda shi siriri ne kuma babu komai a bayansa da zai tare. LCD kuwa fitila da shimfiɗunta sun toshe hanyar. Batir kuma yana saurin ƙarewa saboda fitilar tana ci ko da rabin fuskar baƙi ne.

Ki gwada da kanki: da dare ki kashe wutar ɗaki, ki buɗe hoto baƙi ƙirin ya cika fuskar. In OLED ce za ki ɗauka wayar a kashe take. In kika ga haske yana fitowa, musamman ta gefe-gefe, LCD ce. Ba laifi ba ne a sa wa mutum mai arha in aljihunsa abin da ya iya ke nan, ni ma nakan sa wa masu so. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na asali ko a ɓoye wa mai waya bambancin. Ki koma da wannan hujjar, ki tambaye shi kuɗin wanne kika biya. Gaba kuma, a kasuwar waya ta Farm Centre ne ko ta Titin Beirut ko ma ina, a yi ciniki a fili kafin a kwance waya: wane iri za a sa, kuma zanen yatsa zai yi aiki ko ba zai yi ba.

Malam, an ba makarantarmu ta Islamiyya kyautar tsofaffin kwamfutoci da monita masu doro guda takwas. Wasu iyaye sun ce suna kashe ido. Mu yi amfani da su ko mu ba 'yan gwangwan? (Wani shugaban makaranta daga Zariya)

Allah ya gafarta Malam, waɗannan su ne kakannin alluna. Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ya ƙera kwalbar farko ta irin wannan allo a 1897, kuma ita ta riƙe talabijin da kwamfuta har zuwa shekarun 2000 lokacin da cinikin LCD ya wuce nata a duniya. Doron nan wata ƙatuwar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. Daga ƙeyarta ake harbo ƙwayoyin lantarki su bugi wani sinadari da aka shafe cikin gilashin gaba da shi, ya yi haske, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa in yaro ya kanga mayen ƙarfe launin ke hargitsewa, ya karkatar da harbin ne.

Ba sa makantar da kowa. Abin da ke gajiyar da ido shi ne ƙyaftawar hoton idan an bar shi yana sabuntawa sau 60 a daƙiƙa. A shiga saitin allo a ɗaga shi zuwa 75 ko 85, za ku ga ya natsu. Yara kuma su riƙa ɗauke ido daga allo lokaci-lokaci suna kallon nesa, ko wane irin allo ne.

Damuwata biyu ce, kuma ba ido a ciki. Ta farko wuta: monita ɗaya mai doro na iya shan abin da shafaffu uku ko huɗu za su sha, to guda takwas a kan ƙaramin janareto ko sola nauyi ne babba. Ta biyu haɗari. Kada kowa ya buɗe bayansu, domin akwai wutar da ta haura bolt 20,000 a ciki, kuma kwalbar tana riƙe caji ko bayan an zare ta daga soket. Gilashin kuma yana ɗauke da dalma mai yawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata mu bari a farfasa irin wannan gilashi a filin da almajirai ke wasa ba. In kuna da wutar da za ta ɗauke su, ku koyar da yara kibod da linzami da su, tunda jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta tun 2015, kuma yaron da ya saba da mai doro ba zai ruɗe a gaban shafaffe ba. Wanda ya mutu a ajiye shi a ɗaki da gilashinsa lafiya, kada a fasa don a ciri tagullar wuyansa.

Malam, zan buɗe shagon buga takardu da POS kusa da wata kwaleji. Wace firinta zan saya? Kuma me ya sa katin biki ke yin kyau a kwamfuta, in an buga sai launin ya mutu? (Wani matashi daga Bauchi)

Ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'ar. Kusa da kwaleji aikinka kusan duk baƙi da fari ne: furojet, takardar shiga jarrabawa, fom. Wannan aikin firintar leza ne, mai amfani da hoda. Tana da sauri, shafinta ya fi arha, kuma rubutunta ba ya zuba in ruwa ya taɓa shi, saboda narkar da hodar take yi ta manne da takarda da zafin da ya kusa digiri 200. Wannan zafin shi ne kuma matsalarta. Duk lokacin da za ta ɗumama tana fizgar wuta da ƙarfi, har ƙaramin janareto ya yi tari ko inbata ta yanke. Ka lissafa wannan kafin ka sayi janareto, ba bayan ka saya ba.

Mai tawada ba ta shan wuta sosai, kuma ita ce ta hoto da launi. Ka nemi mai tanki a gefe wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, domin masu ƙananan katirij kuɗin tawadarsu kan wuce kuɗin firintar kanta cikin ɗan lokaci. Abokin gabarta hunturu ne. In ta kwana biyu ba ta yi aiki ba, tawada ta bushe a ƙananan ramukan da take fesowa, sai ka ga layi-layi a hoto. Ka riƙa buga shafi ɗaya mai launi ko ba kwastoma, ka kuma rufe ta daga ƙura.

Batun launi kuwa ba laifin firintarka ba ne. Allo haske yake fitarwa, yana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda ba ta da hasken kanta, tawada ce ke shanye wani ɓangare na hasken da ya sauka a kanta ta mayar da saura, kuma da launuka huɗu take aiki: shuɗi mai haske, ja mai kama da ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa gare su ba. Saboda haka kada ka buga kati 500 kan abin da ango ya gani a waya. Buga guda ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, ya gani ya amince.

Na'urar POS ɗinka ma firinta ce a cikinta, amma ba ta da tawada ko hoda. Takardar ce aka shafa wa sinadarin da ke yin baƙi in zafi ya taɓa shi. Shi ya sa rasit ke gogewa in ya daɗe a aljihu, ko ya yi baƙi gaba ɗaya in an bar shi a gaban mota da rana. Duk cinikin da kuɗi ya fita bai isa ba, kai da kwastoma ku ɗauki hoton rasit ɗin da waya nan take, tun lambobin suna karantuwa, domin su banki zai tambaya ranar da kuka je ƙorafi.